A Ba Mu Bas, a Riƙe Shinkafar

A ƙofar gidanmu da ke Rijiyar Lemo a birnin Kano, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, akwai tsohuwar mota ƙirar Golf da ta fi shekara guda ba ta motsa ba. Mahaifina ya saye ta da wani kaso na giratutinsa, bayan ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa a makarantar firamare. Ranar da aka kawo ta maƙwabta suka yi ta shigowa barka, suna shafa ta suna addu'ar Allah ya tsare hanya. Shi kuwa ya ce daga ranar ya gama tsayuwa a bakin titi. Lafiyarta ƙalau lokacin da ya ajiye ta. Yanzu tayoyinta sun sace, ƙura ta rufe gilasanta, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Na taɓa ce masa, "Baba, da an sayar da ita tun tana da sauran daraja." Ya dube ni ya ce, "Ke dai bari, mai zai sauko." Ban sake tayar da maganar ba, domin na gane cewa a wurinsa motar nan ita ce shaidar cewa shekarunsa na aiki ba su tafi a banza ba.

Abin da ya ajiye motar ba ɓoyayye ba ne. A ranar 29 ga Mayu, 2023, sabon shugaban ƙasa, Bola Ahmed Tinubu, ya sanar a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuli ta wuce naira 600, zuwa Oktoban 2024 kuwa ta ƙetare naira 1,000. Fanshon malamin firamare bai bi ta a wannan gudu ba.

Ni ma ban tsira ba. Bayan na kammala digirina na farko, na kuma gama hidimar ƙasa, na sami aikin koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a wajen Hotoro, a kan albashin naira 50,000 a wata. Daga gida zuwa can sai na hau adaidaita sahu biyu: ɗaya ta sauke ni a Bata, ɗaya ta ƙarasa da ni. Naira 800 zuwa, naira 800 dawowa. A kwana ashirin da biyu na aiki, kuɗin mota kaɗai ya tashi naira 35,200. Abin da ke rage mini, bayan na yi wata guda ina fama da alli da yara arba'in, bai kai naira 15,000 ba. Zango ɗaya na yi na ajiye aikin. Ba wanda ya kore ni, ba kuma aikin ne ya gundure ni ba. Hanyar zuwa ce ta fi ƙarfina.

Daga wannan motar da wannan aikin na ɗauko ra'ayin da nake son karewa a nan. Tallafin da talakan birni ke buƙata a yau shi ne kujera a cikin babbar motar bas mai hanya sananniya, da lokaci sananne, da farashi tsayayye. Duk gwamnatin da ta ɗauki kuɗin da aka ce an tsimi daga tallafin mai ta zuba a rabon shinkafa da ginin gadar sama, alhali jama'arta ba su da abin hawa, ta bar jaki tana dukan taiki. Mu ma talakawa muna da namu laifin, domin mun daɗe muna kallon motar haya a matsayin hukuncin da ake yanke wa wanda bai yi arziki ba.

Ba zan shiga gardamar ko ya dace a cire tallafin ko bai dace ba. Masu ilimin tattalin arziki sun yi ta, za su kuma ci gaba da yi. Abin da ya dame ni shi ne abin da cire tallafin ya tona. Shekaru da dama arahar mai ta zame mana mayafi, ta rufe tsiraicin biranenmu. Jihar Kano, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da miliyan 9, babban birninta ya yi ta faɗaɗa ta kowace kusurwa, daga Janguza zuwa Jogana, daga Dawanau zuwa Na'ibawa, ba tare da wani tsayayyen tsari na ɗaukar jama'a ba. Da tsofaffin bas-bas ƙirar hayis suka gaza, sai matasa suka cike giɓin da babura, acaɓa ta mamaye gari. A zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau aka shigo da babura masu ƙafa uku ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, domin mata su sami abin hawa na mutunci. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka haramta acaɓa a cikin birni, sai mai ƙafa uku ta gaje fagen gaba ɗaya. Ko'ina ka duba a wannan tarihi, mutum ɗaya ne da ɗan ƙaramin injinsa yake ƙoƙarin toshe ramin da hukuma ta bari. Muddin lita tana da araha, dabarar tana tafiya. Ranar da lita ta ninka sau biyar, sai asiri ya tonu: mun gina zirga-zirgar miliyoyin mutane a kan mafi tsadar hanyar ɗaukarsu.

Na ce mafi tsada, kuma lissafin ba ya buƙatar digiri. Ƙaramar mota irin ta mahaifina tana shan abin da ya kai lita 10 a tafiyar kilomita 100 cikin gari, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne a cikinta. Babbar bas mai ɗaukar mutum 60 za ta sha kamar ninki huɗu na wannan, a ce lita 40 na dizal. A raba lita 40 tsakanin mutum 60, kowa bai sha ko lita ɗaya ba. Ko da rabin kujerun babu kowa, kason kowane fasinja bai kai lita ɗaya da rabi ba. Mai mota shi kaɗai yana biyan lita 10, fasinjan bas yana biyan ƙasa da ɗaya. Dizal ya fi fetur tsada, na yarda, amma tsadarsa ba ta kai ta rufe wannan tazara ba. Adaidaita sahu tana tsakiya: injinta ƙarami ne, amma mutum uku ko huɗu kawai ke raba kuɗin mansa, da kuɗin balas ɗin da direba zai kai wa mai ita da yamma, da kuɗin cefanen gidansa, da harajin da ake karɓa a hannunsa. Shi ya sa duk lokacin da gidan mai ya ƙara naira ɗari, washegari sai fasinja ya ji ta a aljihunsa. Direban ba mugu ba ne. Kawunan da zai raba wa ƙarin ne ba su da yawa.

Bayan mai kuma akwai titi. Mutum 60 ɗin da bas ɗaya za ta kwashe, sai an sami adaidaita sahu goma sha biyar kafin su tafi, ko ƙananan motoci talatin zuwa arba'in. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a Kurna da safe, ko a 'Yankura da la'asar, ya san abin da wannan ke nufi. Injina ɗaruruwa suna tsaye suna ƙona mai ba tare da sun matsa ba, hayaƙi yana cika idanu da ƙirji, mai tallan ruwa da ɗan makaranta da jaririn da ke goye duk suna shaƙa. Man da ake ƙonawa a cunkoso asara ce tsantsa: an biya kuɗinsa, bai kai kowa ko'ina ba. Idan aka keɓe wa bas layinta a kan titi, wanda ba mai shiga sai ita, to ta kuɓuta daga wannan asara, fasinjanta kuma zai iya cewa ƙarfe bakwai da rabi zan isa, ya kuma isa.

Wannan sanin lokaci da sanin farashi wata dukiya ce da mai mota bai san darajarta ba, domin bai taɓa rasa ta ba. Ma'aikacin da ya san naira kaza zai kashe a hanya kowane wata yana iya tsara albashinsa. Wanda kullum sai ya yi ciniki a bakin titi, yau an ce ɗari uku, gobe an yi yayyafi an ce ɗari biyar, ba shi da abin da zai tsara. Ina da ɗalibai a makarantar da na bari waɗanda ba sa zuwa ranar Juma'a, saboda iyayensu sun lissafa sun ga rabin yini bai cancanci kuɗin motar yini guda ba. Na san mata masu juna biyu a unguwarmu da suka rage zuwa awo. Na san wani maƙwabcinmu tela da ya daina kai ɗinki Kantin Kwari da kansa, ya koma jiran wanda zai biyo. Ba a rubuta irin waɗannan asarori a kasafin kuɗin kowace gwamnati, amma su ne ke cinye gari a hankali.

Akwai kuma wani amfani na sufurin jama'a da ba a cika ambata ba, wanda a ganina ya fi sauran nauyi. Gwamnatin da ke da tsarin bas tana da igiyar da za ta ja idan rana ta ɓaci. Jihar Legas ta buɗe layin bas na musamman da ake kira BRT tun watan Maris na 2008, daga Mile 12 zuwa CMS. Da tsadar mai ta zo, a ƙarshen Yulin 2023 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sanar da rage rabin kuɗin hawa a motocin da ke ƙarƙashin jiha. Sanarwa ɗaya, bayan kwana biyu rangwamen ya isa hannun duk wanda ya hau, ba a bi ta hannun kansila ba, ba a rubuta sunan kowa a takarda ba. A watan Satumban wannan shekarar kuma jirgin ƙasa na cikin gari ya fara jigila daga Marina zuwa Mile 2. Tun a watan Yunin wannan shekarar, jihohin Edo da Kwara sun sanar da rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako, don sauƙaƙa wa ma'aikata kuɗin mota. Ban zarge su da mugun nufi ba, amma a duba bambancin. Wadda ta tanadi bas ta ce wa jama'arta ku fito, na rage muku. Waɗanda ba su tanada ba sai suka ce ku zauna a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko Jamus, ƙasar da ta ƙera motar mahaifina, wannan igiyar ta ja. Da farashin makamashi ya tashi a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, gwamnatinta ta fitar da tikitin yuro 9 a wata, daga Yuni zuwa Agusta, wanda mai shi zai hau bas da jiragen ƙasa na cikin gari da na yanki a ko'ina cikin ƙasar. Daga watan Mayun 2023 aka maye gurbinsa da na dindindin, wanda aka fara sayarwa a kan yuro 49. Mutanen da ke ƙera Mercedes da Volkswagen ba su ji kunyar tura jama'arsu cikin bas ba. Mu da muke sayen tsofaffin motocin da suka gama yayi a wurinsu, mu ne ke jin kunya.

To mu me aka ba mu? An ba mu shinkafa. An yi ta sanar da tireloli kaza na hatsi ga kowace jiha, aka yi ta ɗaukar hotunan buhuna a jere. Wanda rabon ya kai gare shi, bayan ya yini a layi cikin rana, ya koma gida da 'yan mudu da ba za su kai mako ba. Wanda bai san kowa ba ya koma hannu rabbana. Ban raina abinci ba, mai jin yunwa ba a yi masa wa'azin tsari. Amma shinkafa ana cinye ta a manta, ta kuma mai da magidanci mai roƙo. Kujerar bas tana kai shi inda zai nemo shinkafarsa da kansa, yau da gobe da jibi, kuma ba ta tambayarsa jam'iyyarsa. Idan har sai an zaɓi ɗaya, ni dai na zaɓa.

An kuma ba mu gadoji. A cikin 'yan shekarun nan Kano ta cika da gadojin sama da na ƙasa: Ƙofar Nassarawa, Gadar Lado, Dangi, Ƙofar Ruwa, Hotoro, da doguwar gadar Sabon Gari. Suna da kyau a hoto, wasunsu ma sun rage cunkoso a mahaɗarsu. Amma wa gada take yi wa aiki? Tana yi wa wanda ya riga ya sami abin hawa. Matar da ke tsaye a ƙarƙashin gadar da yaro a hannu, tana ɗaga wa adaidaita hannu ana wuce ta saboda kuɗinta bai kai ba, ba abin da biliyoyin da ke saman kanta suka ƙara mata sai inuwa. Gada kuma ba ta kashe cunkoso, tura shi take yi zuwa mahaɗa ta gaba. Dalilin da ya sa shugabanni suka fi son ta ba ɓoyayye ba ne: ana yanke mata ƙyalle rana ɗaya, a sa mata suna, a gama. Bas kuwa kullum sai an tashe ta da asuba, an duba mata mai da birki, an biya direba, shekara da shekaru, ba mai tafa wa kowa.

Sai dai ba zan ɗora wa shugabanni laifin duka ba, domin daga cikinmu suka fito, kuma abin da muke girmamawa suke gina mana. A wurinmu mota ita ce ma'aunin mutum. Idan saurayi ya zo zance, kafin a tambayi halinsa an leƙa an ga abin da ya hau. Idan aka ce wane ya samu, abin da ake nufi ya sayi mota. A jami'a mun sha zama muna lissafin irin wadda kowa zai fara saya, ban taɓa jin ɗayanmu ya yi mafarkin garin da ba sai ya sayi mota ba. Ni ma ina cikin masu lissafin. Wannan tunani ne ya sa ma'aikaci ke cin bashi ya sayi abin da zai riƙa cinye rabin albashinsa, ya sa kuma duk wanda ya sami iko yake mantawa da tashar mota, domin a ganinsa wuri ne da ya kuɓuta daga gare shi. Abin hawan da manya ba sa shiga ba ya gyaruwa, kamar yadda makarantar da 'ya'yansu ba sa zuwa ba ta gyaruwa.

Abin mamaki, wannan girman kai baƙo ne a wurinmu. Kakanninmu fatake, da suke zuwa Gwanja sayen goro, a ayari suke tafiya ƙarƙashin madugu, attajiri da ɗan ƙaramin falke a hanya ɗaya, domin sun san tafiyar mutum ɗaya tana da tsada da haɗari. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, kuɗin kai kaya bakin teku ya faɗi, cikin ɗan lokaci cinikin gyaɗa ya bunƙasa har aka yi dalar da muke alfahari da ita a littattafan tarihi. Arzikin wannan gari a kan tafiyar haɗin gwiwa aka gina shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun sani, muna kuma faɗa a kowane taro, amma da an zo kan titi sai kowa ya nemi jinkarsa shi kaɗai.

Na san abin da za a ce mini, kuma masu faɗa suna da hujja. Za a ce an sha gwadawa. Haka ne. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa shirin sufurin jama'a na birane don rage raɗaɗin tsuke bakin aljihu. A Janairun 2012, da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141 jama'a suka fito zanga-zanga, an sassauto da ita zuwa naira 97, aka kuma ƙaddamar da bas-bas. Jirgin cikin gari na Abuja da aka buɗe a 2018 ya tsaya a 2020, sai a 2024 ya dawo aiki. Kusan kowace jiha tana da wani fili da gawarwakin motocin gwamnati ke kwance, ciyawa ta fito ta tagoginsu. Amma a tambaya, me ya kashe su? An sayi motoci, ba a gina tsari ba. An kawo su ba tare da garejin gyara da kayan gyara ba, ba tare da layinsu a titi ba, ba tare da jadawali ba. Kuɗin shiga yana bi ta hannu goma kafin ya isa asusu, idan ya isa. Sabuwar gwamnati kuma ta zo ta ƙi taɓa abin da ke ɗauke da hoton wadda ta gada. Wannan gazawar riƙo ce, kuma an san maganinta. Birnin Kuritiba na Brazil ya fara keɓe wa bas layinta tun 1974, a zamanin magajin gari Jaime Lerner, saboda ba shi da kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Bogota ta Kolombiya ta bi sahu a shekarar 2000, Darussalam ta Tanzaniya a 2016. Ba ɗayansu da ke cikin ƙasashe masu arziki. A irin wannan tsari hukuma ce ke shata hanya, ta tsayar da farashi, ta sa ido, kamfanoni masu zaman kansu kuma su tuƙa motocin bisa yarjejeniya. Kuɗin hawa ta kati ake biya, don kada ya zube a hanya. Wanda ya ce ba za mu iya ba, sai ya gaya mana abin da mutumin Darussalam ya fi mu da shi.

Za a kuma ce, ina za a kai dubban matasan da ke cin abinci da adaidaita sahu? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma duk tsarin da ya yi watsi da ita ya cancanci ya faɗi. Ɗan ƙanin mahaifina yana cikinsu, na san abin da yake kai wa gida. Amma babbar bas ba ta shiga lungu. Ba za ta kai kowa ƙofar gidansa a Fagge ko Ɗorayi ko cikin Baɗala ba. Aikinta manyan hanyoyi ne: titin Katsina, titin Zariya, titin Gwarzo, titin Haɗeja, titin Maiduguri. Aikin mai ƙafa uku shi ne ta kwaso mutane daga unguwanni ta kawo su tasha, ta kuma mai da su. Gajeriyar tafiya mai yawan juyi ta fi wa direba riba a kan ya ratsa gari yana ƙona mai a cunkoso da fasinja biyu. Tsarin bas kansa yana buƙatar direbobi, da masu karɓar kati, da bakanikai, da masu kula da tasha, kuma waɗannan matasa su ya kamata a fara ɗauka. Sharaɗin kawai shi ne a zauna da ƙungiyoyinsu tun kafin a sayi mota ta farko, kuma kada a hana kowa hanya sai abin da zai maye gurbinsa ya fara aiki.

Za a ce mata fa, ga cakuɗa da maza. Ni mace ce, kuma na fi mai tambayar sanin amsar. Na sha zama a bayan adaidaita an matse ni tsakanin mutum biyu da ban sani ba. Na sha tsayawa bayan magariba ina duba fuskar direba ina shawara da zuciyata ko in hau ko in bari. Babbar mota mai fitila a ciki, mai lamba a jiki, mai direban da aka san inda yake karɓar albashi, mai kujerun da aka keɓe wa mata da tsofaffi, ta fi wannan mutunci da aminci nesa ba kusa ba. Manufar da ta sa aka kawo adaidaita sahu tun farko, bas ce za ta fi cika ta.

Daga ƙarshe za a ce babu kuɗi. A shekarar 2022 kaɗai, bisa alƙaluman kamfanin mai na ƙasa, tallafin fetur ya ci fiye da naira tiriliyan huɗu, kuma wanda ya fi yawan motoci shi ya fi cin moriyarsa. Bayan an cire shi, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru, gwamnoni da kansu sun shaida. Kuɗin nan daga aljihunmu ya fito, a gidan mai da bakin titi muka biya shi. Ba alfarma muke nema ba idan muka ce a dawo mana da wani kaso nasa ta hanyar da za ta isa ga kowa. Kuma kada a yaudari kai da cewa bas za ta riƙe kanta da kuɗin tikiti kaɗai. A mafi yawan biranen duniya gwamnati na cika wa sufurin jama'a, kamar yadda take biyan kuɗin titi ba tare da ta nemi riba a kansa ba. Idan mun iya tallafa wa tankin mai mota uku shekara da shekaru, ba abin kunya ba ne mu tallafa wa kujerar malamar makaranta.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A zaɓi hanya ɗaya tak a fara da ita. A keɓe mata layi, a kafa tashoshi masu rumfa, a manna jadawali da farashi inda kowa zai gani. A gina gareji kafin motoci su iso. A yi amfani da masu aiki da iskar gas inda akwai wurin cika su, tunda gwamnatin tarayya ta ce nan ta dosa. A kafa hukumar da doka ta tsare, wadda canjin gwamnati ba zai rushe ta ba, ta riƙa buga abin da ya shigo da abin da ya fita kowane wata. A yi wa ɗalibai da tsofaffi rangwame. Kada a manna hoton kowa a jikin motar. Sannan kwamishina da babban sakatare su hau ta ko sau ɗaya a mako, don su ji da jikinsu idan kujera ta karye. Mu kuma masu ƙuri'a, idan ɗan takara ya zo da buhu, mu karɓa idan muna buƙata, amma mu tambaye shi ƙarfe nawa bas za ta tashi daga unguwarmu. Kiɗa ya canza tun Mayun 2023, rawarmu ce har yau ba ta canza ba.

A watan da ya wuce aka kira 'yan fansho tantancewa. Na raka mahaifina bakin titi da sassafe, muka wuce motarsa a ƙarƙashin darbejiya, bai ko dube ta ba. Mun fi minti ashirin a tsaye, yana riƙe da fayil ɗin takardunsa, yana ciniki da yaran da wataƙila wasunsu shi ya koya musu karatu. Da ya sami wadda zai hau, sai da ya naɗe babbar rigarsa ya raɓa a gefen direba. Mutumin da ya yi wa jiha aiki shekara talatin da biyar ya cancanci kujerar da zai zauna sosai a kai, a farashin da fanshonsa zai iya. Ni ma na cancanci hanyar da za ta mai da ni aji. Har yanzu ina da littafin tsara darasina, kuma ranar da bas ta fara tashi daga Rijiyar Lemo zuwa Hotoro a kan kuɗin da albashin malami zai ɗauka, da ni za a yi lodin farko.